Takarda a Ƙarƙashin Kofin Shayi

Ngcobo,
Litinin, 9 ga Disamba, 1996.

Zuwa ga Yayata Nozizwe, a Mdantsane.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da gwiwoyinki da matan cocinku. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau uku, masara ta kai cinya, tumaki sun ƙoshi har suna tafiya kamar matan fasto.

Yaya, na riƙe jikata da hannuna! Ɗana Daluxolo ya kawo matarsa da jaririyar ranar Asabar. Liyema wata huɗu gare ta, amma da MaDlomo maƙwabciyarmu ta miƙo mini ita, sai ta cafki gemuna ta ƙi saki. Goshinmu ta ɗauko, ki zo ki gani. Na zagaya da ita garke, na nuna mata shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta yi mini fitsari a wandon coci, ban ma canja ba sai da rana ta yi.

Daluxolo ya koma washegari. Kin san aikin direban bas a Disamba, shi ke kai kowa gida, shi kuwa ba ya kwana a nasa. Ya bar su a wurina har Sabuwar Shekara.

Makotinmu, wato matar ɗana, Nandipha, ba ta da abin zargi. A Cape Town ta tashi, a kantin magani take aiki, amma tana kiyaye kunyar surukai kamar a nan aka binne cibiyarta. Baƙin ɗankwali har gira, mayafi ɗaure a ƙugu cikin wannan zafi. Ba ta ratsa tsakar gida, sai ta zagaya ta bayan ɗakuna. Ba ta shiga inda nake. Ba mu yi magana ba ko kalma ɗaya. Takan ajiye mini tiren shayi a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, kafin in buɗe ta ɓace.

Ga farin ciki na biyu. Gidan rediyo ya tono tsofaffin wasanninmu na Sufeto Zondani, waɗanda muke ji a ɗakin kwanan ma'aikata lokacin ina haƙar zinariya, mu arba'in a kan rediyo ɗaya. Kullum ƙarfe huɗu na yamma za su riƙa sawa har ranar Kirsimeti. Da na ji kiɗan farkon nan, sai da na zauna. Na sayi sabon batir, na kira tsohon abokina Fezile, muna yi kamar da, kowa ya faɗi wanda yake zargi kafin Sufeto ya faɗa. Fezile bai taɓa ci ba. Yanzu muna kan labarin telan da aka tarar a mace a shagonsa. Matarsa ce, na san haka tun ran farko.

Abu ɗaya na lura. Wankin makoti ba ya tashi sai ƙarfe huɗu, kuma ba ta shanya shi ko'ina sai a igiyar da ke bayan tagata.

Ki gaida kowa. Direban motar haya zai kawo miki wannan da kabewa biyu.

Ƙaninki,
Velile.

*

Laraba, 11 ga Disamba.

Baba,

Barka da asuba. Ina fata kun tashi lafiya. Ku gafarce ni da wannan takarda da na sa a ƙarƙashin kofinku. An ce kada in yi muku magana, na kiyaye. Na yi tunani kwana biyu, ban tuna an ce kada in rubuta ba. Idan laifi ne, ku mayar da ita a tire, ba zan sake ba.

Jiya ina shanya na ji kuna gaya wa Baba Fezile cewa matar telan ce. Baba, ba ita ba ce. Ku saurari ƙofar shagon. Duk wanda ya zo shiga sai ta cije masa, ya tura sau biyu tana ƙara, har Sufeto kansa sai da ya sa kafaɗa. Amma da aka kira dattijon cocin, wanda ya rantse bai taɓa taka shagon ba, ƙofar ta buɗe masa shiru a turi ɗaya. Ya san ana ɗaga ta kafin a tura.

Ban faɗa don in nuna na fi ku ba. Abin ne ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma Liyema ba ta san telan ba.

Ku huta lafiya.
Surukarku.

*

Alhamis, 12 ga Disamba.

'Yata, Maman Liyema,

Barka da aiki. Na ga takardarki, na karanta ta sau uku. Babu laifi ko kaɗan. Kakanninmu da suka kafa dokar ba su iya rubutu ba, balle su hana shi. Ni ma sai da na haura hamsin na zauna a makarantar dare, kuma yau na san dalilin da ya sa na sha wahalar.

Dattijon cocin ne! Kin ji ihun da na yi. Na ji wasan nan shekara ashirin da takwas da suka wuce, mu arba'in, babu wanda ya ji ƙofar. Na gaya wa Fezile ni na gano, ki yafe mini, ban san yadda zan ce masa ba.

Gobe za a fara na akawun jirgin ƙasa. Ki rubuto naki kafin kashi na ƙarshe, in rubuta nawa. Wannan karon ba za ki kayar da ni ba.

Burodin jiya ya yi daɗi. Ki sumbaci goshin nan domina.

Babanku.

*

Mdantsane,
14 ga Disamba.

Velile,

Ina gaishe ka. Kabewa ta iso, ɗaya ta ruɓe.

Na yi murna da jikarmu, Allah ya raya ta. Goshin kuwa ba abin alfahari ba ne, na sha tsokana a kansa shekara saba'in da huɗu.

Yanzu ka buɗe kunnen nan naka mai ji. MaDlomo ta aiko mini cewa tire na fita da takarda, yana dawowa da takarda. Kai da surukarka! Tun da ka koyi riƙe biro ba ka bar kowa ya huta ba, fasto, kansila, likitan shanu, yanzu kuma matar ɗanka. Da matarka MaRadebe na da rai da ta ƙona littafin nan naka a murhu.

Ka san tsarin gidanmu. Makoti ba ta zama da mai gida, ba ta shan nonon garkenmu, ba ta taka tsakar gida, sai an yanka mata rago, na ba ta naman da hannuna, na raɗa mata sunan gida, mijinta yana tsaye. Ni ce babbar 'yar gidan, aikina ne, ba naka ba. Mun riga mun yanke da Daluxolo cewa sai Ista, lokacin da zai sami hutu. Wata uku da ɗoriya ne. Ni shekara guda na yi ina zagaya bayan ɗakuna a gidan Sityebi da aka kai ni aure, ban mutu ba.

Ba zan zo Kirsimeti ba. Ni ke riƙe da makullin ɗakin girkin coci, kuma gwiwoyina ba sa son hanyarku.

Ka rage muryar rediyon, ka bar yarinya ta yi wankinta a inda rana take.

Yayarka,
Nozizwe.

*

Ngcobo,
Talata, 17 ga Disamba.

Yaya Nozizwe,

Bayan gaisuwa. Na karanta faɗanki, na ajiye shi inda nake ajiye sauran.

Zan gaya miki abin da na yi kafin MaDlomo ta ƙara masa gishiri. Jiya hadari ya haɗo tun ƙarfe uku. Na ce a raina, yau babu shanya, yarinyar nan za ta rasa kashi na ƙarshe na akawun jirgin, alhali ta rubuto nata, na rubuta nawa. Sai na naɗe rediyo a cikin kwat ɗina, na ratsa ruwan, na shiga ɗakin girki, na ɗora shi a kan buhun masara, na zauna a kujerar da ke bakin murhu.

Yaya, ni farin ciki na kai mata. Ban tuna ba, wallahi ban tuna ba, cewa duk ɗakin da na shiga dole ta bar shi. Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta ɗauki Liyema, ta fita cikin ruwan. Kuma ba ta ratsa tsakar gida ba, wadda taki goma ce zuwa ɗakinta. Ta bayan ɗakuna ta zagaya, cikin taɓo, da jaririya a ƙirji. Ni kuma bakina ya ƙi buɗewa in ce ta dawo, don ban taɓa yi mata magana ba.

Na zauna ni kaɗai da Sufeto. Masara da waken da ke kan wuta suka ƙone a gabana, ban ma san inda ake ajiye muciya ba. MaDlomo ta shigo da buhu a ka, ta dube ni, ta dubi tukunyar.

"Jola," ta kira ni da sunan zuri'armu don abin ya fi zafi, "me ka zo nema a nan?"

Na ce, "Rediyo na kawo."

Ta ce, "Ka kawo rediyo, ka kori mai girki. Yau sai ka ci Sufeton naka da miya."

Liyema na ɗan tari yau, amma tana shan nono, uwarta ta san magani. Shayi ya zo da safe, babu komai a ƙarƙashin kofi. Na ɗaga har farantin.

Yaya, ki zo. Ragon nan mai baƙin kunne ya yi ƙiba, ba sai ya jira Ista ba. Ba roƙonki nake ba, gaya miki nake, kin san idan na ga abu daidai ne ba na sakinsa.

Ƙaninki,
Velile.

*

Laraba, 18 ga Disamba.

Baba,

Barka da asuba. Tarin Liyema ya yi sauƙi, kada ku damu.

Ban yi fushi da ku ba. Na san abin da ya kawo ku ɗakin girki, kuma tun da na zo babu wanda ya yi mini abin da ya kai shi. Amma a cikin ruwan nan na ga gaskiyar zamana. Kwana goma sha ɗaya ke nan, in ban da MaDlomo da ke zuwa duba tukwanena, ba ni da wanda nake magana da shi sai jaririya. Da Mama, mahaifiyar Daluxolo, na da rai da ina da abokiyar hira. Ku kaɗai ne a gidan, ku ne kuma aka hana ni.

Ba raina al'adarku nake ba. Na sa ɗankwalin da zuciya ɗaya, don Daluxolo ya gaya mini yadda kuka yi shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa don ya yi karatu. Amma ba zan iya yin Kirsimeti a bayan taga ba, ina jin dariya ta bango.

Na aika an yanko mini tikitin bas na ranar Litinin, ashirin da uku ga wata, ƙarfe bakwai na safe. Za mu koma wurin mahaifiyata. Ban gaya wa Daluxolo ba tukuna. Ban san ko zan iya dawowa Ista ba, ba na so in yi muku alkawarin da zan karya. Na ga ya fi kyau ku ji daga hannuna, kada ku tashi ku tarar da ɗaki a buɗe.

Wane ne ya kashe akawun? Ban ji ƙarshen ba.

Surukarku.

*

Laraba, da rana.

'Yata,

Mai sayar da tikiti ne, kamar yadda kika rubuta. Ni na ce ƙanin akawun ne. Biyu ke nan kin kayar da ni.

Ba zan tare miki hanya ba. Amma kafin Litinin akwai kwana huɗu, kuma yau za a fara na mai girkin otal, wanda ya fi duka daɗi. Na ba MaDlomo rediyon ta kai ɗakin girki. Can ne wurinsa daga yau. Ba zan shigo ba.

Babanku.

*

Ngcobo,
Juma'a, 20 ga Disamba.

Yaya Nozizwe,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ba ki ba ni amsa ba, to ga labari.

Makoti ta yanki tikitin ranar Litinin. Za ta tafi da Liyema, kuma ba ta yi alkawarin dawowa ba. Ba ta yi rashin kunya ba, a rubuce ta gaya mini, da ladabin da ko ke ba za ki sami abin gyarawa ba. Idan yarinyar nan ta hau bas, jikata za ta girma tana sanina a hoto.

Ga abin da na yi. Rediyo ya koma ɗakin girki. Ni kuma ƙarfe huɗu na yi, sai in ɗauki bokiti in kife shi a waje, a ƙarƙashin tagar, in zauna da hulata. Babu dokar da na karya. Ba na ciki, ba ta waje, ba ma ganin juna. Kin san injin haƙa ya cinye mini kunnen hagu, don haka sai na manna na dama da bango. Ba a daɗe ba na ji an juyo da rediyon wajen taga an ƙara murya.

Fezile ya zo ran farko, ya tsaya da sandarsa.

"Jola, an kore ka ne?"

Na ce, "Iska nake sha."

"A bayan ɗakin girki? Kusa da kwatar wanke-wanke?"

"Nan Sufeto ya fi fitowa sarai. Nemo bokiti ko ka wuce."

Ya nemo. Jiya mu huɗu ne, har da mai buga ƙararrawar coci. Matan da ke dawowa daga rafi sukan tsaya su rufe baki. An ce labari ya kai kanti, wai mai gidan Jola yana zaman kare a bayan ɗakin surukarsa. Su faɗa. Na zauna a wuraren da suka fi wannan ƙazanta don abin da bai kai wannan ba.

Jiya da mai otal ɗin ya fara kukan ƙarya, sai na ce da ƙarfi, "Kai bango, ni dai mutumin nan ban yarda da shi ba."

Sai na ji murya daga ciki, a hankali, "Liyema, gaya wa bangon ya bar mai otal, ya tambayi wanda ya wanke kofuna."

Fezile ya yi dariya har ya faɗo daga bokiti. Ita ma ta yi. Yaya, ran nan na fara jin dariyar matar ɗana, kuma irin ta mutanen kirki ce, mai fitowa daga ciki.

Amma tikitin na nan. MaDlomo ta ga akwati a buɗe a kan gado. Bango ba zai riƙe ta ba, na sani, ke ce za ki iya. Ni dai zan ci gaba da zama a kan bokitina kullum, a gaban duk wanda ya wuce, har ki zo ko bas ya zo. Ranar Lahadi bayan coci ma can za a same ni, da kwat da taye.

Ƙaninki mai jiran ki,
Velile.

*

Mdantsane,
21 ga Disamba.

Velile,

Ba na gaishe ka.

A coci aka tare ni da labarin. Matar da ba ta taɓa taka Ngcobo ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ƙanina ya koma zama a kan bokiti. Ɗan Babanmu! Ka san abin da kake yi, tsohon makiri, tun kana yaro haka kake kwanciya a hanya sai an ba ka abin da kake so.

Na ba MaNtuli ta cocinmu makullin ɗakin girkin. Na je tashar su Daluxolo da sassafe, na zauna a ofishin manajansu da jakata da lemata, na ce ba zan tashi ba sai ya ba yaron kwana biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya ya gaji. Daluxolo zai iso Talata da safe. Ni gobe Lahadi, motar yamma.

A ware ragon. A share tsakar gida. A turo baro bakin hanya saboda kayana. Ban ce na yarda ba, sai na ga yarinyar da idona, in kuma ta ce tafiya za ta yi, ba zan riƙe mata zane ba.

Ka tashi daga kan bokitin nan kafin in iso.

Nozizwe.

*

Litinin, 23 ga Disamba.

Baba,

Barka da asuba.

Gwaggo Nozizwe ta kwana a ɗakina. Ta duba tukwanena, ta ce burodina ya yi nauyi, ta ce ɗaurin ɗankwalina na 'yan birni ne. Ta ɗauki Liyema ta daɗe tana kallonta. Daga nan ta rufe ƙofa ta tambaye ni wanda nake zargi a kan mai girkin otal, wai ita tun ran farko ta san mai wanke kofuna ne. Ta ce kada in gaya muku tana saurare.

Bas ya wuce ƙarfe bakwai. Na ji ƙahonsa ina yi wa Liyema wanka.

Gwaggo ta ce gobe, bayan an yanka ragon, zan ratso tsakar gida in gaishe ku da bakina. Tun jiya nake neman abin da zan fara cewa, ban samu ba. Idan na tsaya shiru a bakin ƙofa, ku fara.

Ku sha shayin kafin ya huce.

'Yarku,
Nandipha.